Mayafin Kaka na Yammacin Juma'a

Lokacin da Maigida ya ɗauko ni daga Kano, a farkon shekarun dubu biyu, a Alexandria da ke kusa da Washington muka fara zama, cikin wani dogon benen haya a yammacin garin. Barandar hawanmu doguwa ce kamar ta asibiti, ƙofofi a jere duk fenti ɗaya, kafet ɗin ƙasa ya sha warin girkin ƙasashe iri-iri har ya rasa nasa. Maigida yakan fita aikinsa na injiniya tun da sassafe, ni kuma in wuni da goyo, ban san kowa ba, ga Turancina na sakandare wanda ya fi kyau a takarda. Shekarun nan ne da mace mai hijabi za ta shiga lifta ta ga mutane sun tsura wa lambobin bango ido kamar yau suka fara ganinsu.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce Bayahudiya. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo, ɗanta guda ɗaya yana aiki a cikin Washington, yakan leƙo ta ranar Lahadi. 'Yar firit ce, gashinta fari fat a gyare kullum, kuma ko shara za ta fita zubarwa sai ta shafa jan-baki. Ita ta fara yi mini magana. A lifta ta kama bakin mayafina ta murza tsakanin yatsu kamar mai taya yadi a kasuwa, ta ce, "Wannan ba a nan kika saya ba. Na nan wanki ɗaya ne sun mutu." Da yarana suka fara magana suka sa mata Kaka, ni ma na bi bakinsu. Ta karɓi sunan hannu biyu, har idan ta ƙwanƙwasa aka ce wane ne, sai ka ji ta ce "Kaka!"

Na tambayi Maigida ko da laifi in riƙa shiga wurinta. Ya ce maƙwabciya ce, haƙƙinta yana kanmu, in dai kula da abin da zan ci. Ashe ita ma tana kula da nata. Ba ta taɓa cin namana ba, ban taɓa cin nata ba, kuma babu wadda ta ji haushi. Nakan kai mata dubulan da cincin, ita kuma ta aiko da wani burodi mai kitso da yara ke rububi.

Wata Juma'a cikin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa da wuri, ta buga ƙofa da sauri tana neman ashana, tata ta ƙare. Na kai mata har ɗaki, na juya zan tafi, ta ce in tsaya, ba za ta daɗe ba. Na tsaya daga bakin ƙofa. A kan teburinta akwai mazaunan kyandir guda biyu na tagulla, sun sha goga suna ɗaukar ido. Ta jawo dirowar da take ajiye shimfiɗun tebur, ta fito da wani leshi zagayayye, saƙar hannu, bai fi faɗin tire ba, farinsa ya koma kalar madara don tsufa. Ta karkaɗe shi a hankali, ta ɗora a ka, ta gyara gefensa ya sauko kan kunnuwanta. Ta kunna kyandir. Ta yi ta jawo hannuwanta daga wajen wutar zuwa fuskarta kamar mai ɗibar hayaƙin turaren wuta, sannan ta rufe idanu da tafukanta, tana faɗin wasu kalmomi da harshensu cikin wata 'yar murya mai rauji. Ta daɗe a haka. Matar da na sani da surutu, sai ga ta tsit, leɓɓa kawai ke motsi.

Da ta buɗe ido na ce, "Kaka, ashe ku ma kuna rufe kai?"

Ta ce, "Ni? Dube ni. Duk mako kaina a buɗe yake, wurin ibadarmu ma sai shekara ta zagayo nake leƙawa. Cikin matanmu akwai masu rufewa kullum, akwai waɗanda ba sa rufewa sam. Amma uwata ta ce mini ba a ambaton sunan Ubangiji da kai a buɗe. Wannan saƙarta ce. In ba ya kaina, bakina ba ya buɗuwa."

Ta ce ranar hutunsu ke nan ta shiga, daga faɗuwar ranar Juma'a take farawa, kuma mace ce ke tarbarta da wuta da kalmomin albarka. Ta ce in ta gama albarkar takan ɗan ƙara zama ido a rufe, ta roƙa wa ɗanta, ta tuna matattunta. "Har da wannan 'yar taki mai ƙiriniya da ta cinye mini fure."

Na koma gida na yi alwala, don Magariba ta gabato. Addininta nata ne, nawa nawa ne. Ban taɓa cewa amin a kan abin da ban san ma'anarsa ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. Amma kunyar nan na gane ta sarai. Ita ce take sa mace ta lalubi ɗankwali da an kira salla, ko da ita kaɗai ce a ɗaki.

Bayan shekaru Allah ya hore, muka sayi gida a Bowie. Gari ne da ba a zuwa ko'ina sai da mota, ni kuwa tuƙina bai wuce kanti da makarantar yara ba, babban titin da ya kewaye Washington ko an roƙe ni ba na hawa. Ziyara ta koma ta waya, sai in Maigida ya sami sarari ya kai mu. Ana haka labari ya zo cewa Kaka ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta tafi. Mun je asibiti mun gan ta. Bakin ya karkace, idanun nata ne, amma in ta yunƙura za ta yi magana sai sauti kawai ya fito. Da aka sallame ta, ɗanta ya mayar da ita gidanta, ya ɗauki mai kula da ita.

Mai kular nan 'yar kawuna ce, taubashiyata. Ta zo ƙasar a bayana, ta ɗan zauna wurinmu a Alexandria kafin ta yi kwas ɗin kula da tsofaffi. Ɗakin Kaka ba ta taɓa shiga ba a lokacin, amma sun saba gaisawa da ɗan a baranda, shi ya sa da ta ji labari ta je da kanta ta nemi aikin. Mace ce mai baki, mai son ado, inda ta zauna dariya ba ta yankewa. Tun muna yara take ce mini baiwarta, ni ma in ce mata tawa, da na fara sa dogon hijabi kuwa ta ƙara mini da Ustaziya. Duk sanda na kira ta, sai ta ce, "Tsohuwarki lafiya lau, tana ci tana sha, ta fi ki ƙiba."

A wani suna ne a garin Upper Marlboro na ga irin lafiyar. Mata mun taru a ɗakin ƙasa, ana cin waina da miyar taushe, yara na ta guje-guje a kan matakala ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Na hango mata sun yi cincirindo a kan wayar 'yar Kawu, suna ta ƙyaƙyatawa.

"Ustaziya!" in ji ta. "Zo ki ga ƙawarki. Baiwata, ki biyo mini da lemo."

Na je ina murmushi. Na ɗauka hoton biki ne.

Kaka ce a keken guragu. Da farko ban gane ta ba, don an datse gashin nan guntu-guntu, fatar kai na leƙowa. Tana dukan kanta da tafin hannun hagu, tana duka, tana wani irin kuka marar kalma, yawu na zuba ta gefen bakin da ya karkace. A gabanta ga mazaunan tagullar nan, an dasa musu kyandir na batir suna ƙyalli. Daga bayan waya kuma ga muryar 'yar Kawu da Hausa tana cewa, "To jama'a, an fara. Buga, Hajiya, buga! Kalangu ya iso!" Har da waƙa take yi mata, tana bin bugun.

Wata ta ce a sake kunnawa, ta sa yatsa da maiƙon miya tana jan hoton baya, maiƙon ya kwanta daidai kan fuskar Kaka. Na dubi bakunan da ke dariya, da ganyen miya a haƙora, da gwal a wuya, duk da mayafai a ka. Wata Hajiya 'yar Kumasi, wadda ta tsufa a irin wannan aikin, ita kaɗai ta kau da kai ta ce, "Ke yarinya, tsufa kike yi wa waƙa? Ya san adireshinki fa."

Na ce wa 'yar Kawu, "Wace rana ce wannan?"

"Juma'a mana. Duk Juma'a. Ɗan ya kwashe ashana, ya sayo na batir, ya ce in riƙa kunna mata da yamma. Ina kunnawa aljanun ke tashi. Da fari na ce ciwon kai ne, na ba ta magani, a banza. Na ce ƙaiƙayi ne, na wanke kan na shafa man zaitun, a banza. Na ce to ko ƙwarƙwata, muka datse gashin. Yanzu an ce ruɗewar yamma ce irin ta tsofaffi. Na tura wa ɗanta bidiyo, marar waƙa fa, ai ba ni da hauka. Har ya je ya ga wani gidan tsofaffi, ɓangaren da ake kulle musu ƙofa. Ƙarshen wata za a kai ta."

Na ce, "Ina leshinta?"

"Wane leshi? Anko za ta yi?"

Mata suka sake fashewa. Na ce tana rufe kai ne kafin ta yi addu'arta. 'Yar Kawu ta tafa hannu ta ce, "Ku ji mini Ustaziya, har ta zama limamiyar Yahudawa!" Ban tsaya musu a gidan mutane ba. Na ce mata ina nan zuwa ranar Juma'a.

"Zo mana. Ki taya ni canza mata nafkin, mu raba ladan."

Makon nan na so in kira ɗan Kaka, amma me zan ce masa? Zato nake yi, kuma 'yar uwata ce a tsakiya. Na bari sai na gani da idona. Ranar Juma'a da Maigida ya dawo daga masallaci, ya karɓi ɗauko yara daga makaranta, ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa ta Largo. Jirgin shuɗin layi ya ratsa da ni ƙarƙashin Washington ya fito ta Virginia, ɓangaren da Alexandria take. Sanyi ya fara shigowa, yini ya gajarce, duk inda jirgin ya leƙo waje sai in dubi rana in ga ta ƙara sauka.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Fitsari, da soyayyen kifi, da turaren feshi da aka zuba a kai don a rufe. Gidan da a da ko abinci ya faɗi ƙasa za ka iya ɗauka ka ci. Kwanuka jibge a wurin wanke-wanke, talabijin na ta ƙara da wani fim ana rawa. 'Yar Kawu kuwa tsaf, ta sha lalle har gwiwar hannu. An jingine Kaka a kusurwa tana kallon bango. Na durƙusa gabanta na kama hannunta. Farcen sun yi tsawo, da baƙi a ƙarƙashi.

"Kaka, ni ce."

Ta dube ni. Ta dubi hijabina. Ta ɗaga hannun da ke aiki ta taɓa kaina, sannan ta taɓa nata. Ta sake taɓa nawa, ta taɓa nata, ta tsura mini ido.

Na miƙe na kashe talabijin, na je na jawo dirowar shimfiɗun tebur. Na fito da komai, na karkaɗe ɗaya bayan ɗaya. Babu.

"Kwastam, me ake nema?" in ji 'yar Kawu daga kan kujera.

"Wani leshi zagayayye, saƙar hannu, kalar madara. A nan yake zama."

"Au, tuma-ƙasar nan? Ai ki faɗa. A nan na same ta ranar da na fara aiki. Na ce ashe Turawa ma suna rufe kwano. Na daɗe ina rufe abincina da ita."

Gaskiya kam, duk Bahaushiyar da ta buɗe dirowar nan ta gan shi cikin shimfiɗun tebur, abin da za ta ɗauka ke nan. Girman ɗaya ne, saƙar ma kusan ɗaya da irin wadda iyayenmu ke rufe kwanon maigida da ita. Wannan ban ga laifinta ba. Da a nan maganar ta tsaya, da dariya za mu yi tare.

Na ce, "Yana ina?"

"Manja ya ɓata ta, na mayar da ita ta sauke tukunya. Da ta ƙone ta gefe kuma sai ta koma tsumma. Duba bokitin ƙarƙashin famfo." Sai kuma ta ce, "Ke, shi ya sa! Kullum na zo goge mata baki da ita sai ta cafke, sai mun yi kokawa nake ƙwacewa. Na ce tsohuwar nan da ƙarfin tsiya take."

Na buɗe ƙarƙashin famfon. A cikin bokiti, cakuɗe da soson wanke-wanke da tsofaffin safa, na same shi a dunƙule. Danshi ya sa ya yi tsami. Ga jan manja ya bazu a tsakiya, ga busasshen kunu ya toshe idanun saƙar, ga wani abu mai yauƙi da ban so in san ko mene ne ba, gefe guda kuma ya ƙone ya yi baƙi. Da yatsu biyu na ɗaga shi. Watanni ke nan ana kawo mata saƙar uwarta har bakinta, a goge mata yawu da ita, a ƙwace, sannan Juma'a ta zo a kunna mata fitila a ce ta haukace.

Na faɗa wa 'yar Kawu abin da yake, da wadda ta saƙa shi, da abin da Kaka ta taɓa gaya mini. Na ga fuskarta ta canza. Na ɗauka nadama ce. Sai ta tashi da sauri, ta zaro leda, ta fizge shi daga hannuna ta cusa a ciki, ta nufi ƙofa. A barandar gidan akwai wata 'yar taga a bango da ake jefa shara ta faɗa can ƙasa.

Na riga ta ƙofar na tsaya.

"Yaya, matsa. In ɗanta ya ga wannan na shiga uku. A ce ya ɓace a asibiti, shi ke nan. Kai dai ai kai ne, a yafa mata ko mene ne." Ta zari wani tawul daga kan kujera ta jefa a kan Kaka. "Ga shi, an rufe. Hajiya, bismillah, a yi addu'a."

Kaka ta cire tawul ɗin ta yar. Idonta na kan ledar.

Na ce, "Ba ni."

"Saboda Bayahudiya za ki tozarta 'yar uwarki? Addu'ar tata ma ina take zuwa?"

"Wannan ba ni da ke za mu yanke ba. Amanar da aka ba ki dai kin san inda za ta je. Wallahi in kika fita da ledar nan, zan bi ta har ƙasa in tono ta cikin shara, in kai wa ɗanta a yadda na same ta."

Ta san ba na rantsuwa a banza. Ta cilla mini ledar a ƙirji ta ce, "Ungo, ki jiƙa ki sha."

Na tara ruwan zafi na zuba sabulu. Ruwan farko ya fito kamar na kwata, na kau da fuska ina numfashi ta baki. Ba na iya cuɗawa da ƙarfi, zaren ya tsufa, sai dai in matsa in saki, in bi idanun saƙar da ɗan yatsa ina fitar da busasshen kunu. Na yi ta canza ruwa har ya fara fitowa garau. Manjan dai ya zauna daram, ya koma ruwan ɗorawa. Na leƙa taga, hasken da ke jikin benen da ke kallonmu ya yi ja. Babu lokacin shanya. Na shimfiɗa shi tsakanin tawul mai tsabta na bi da dutsen guga, tururi na tashi da sauran warin miya.

Na goge wa Kaka baki da tishu, na juyo da kekenta wajen tebur. Da na miƙa mata leshin, kunya ce ta kama ni, kamar ni na ɓata shi. Ta karɓa da hannun hagu, ta shimfiɗa a cinya, ta bi tabon da yatsa, ta bi ƙonannen gefen. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi ta ƙoƙarin ɗaga shi sama. Na taya ta, na ɗora a kan datsattsen gashin, na saukar da gefen kan kunnuwa. Da ɗuminsa, da sauran danshi.

'Yar Kawu ta miƙa hannu za ta kunna fitilun yadda ta saba. Na ce ta bari. Na jawo mazaunan kusa, na juya makunnin ya zo daidai babban yatsan Kaka. Ta yi ta fama, yatsan na zamewa, har ta farko ta kama, ta biyun ma ta kama. Da hannu ɗaya ta jawo hasken zuwa fuskarta. Tafin ɗaya bai isa ya rufe idanu biyu ba, sai ta rufe na hagu, na daman ta runtse shi yana zubar da ruwa.

Sai maganar ta fito. Cikakkiya, kalma na bin kalma, da raujin nan da na taɓa ji, daga bakin da tun faɗuwarta bai haɗa ko sunan ɗanta ba. Daga baya na ji cewa hakan na faruwa, abin da harshe ya haddace tun yarinta yakan tsira ko da sauran maganar ta tafi. Da ta sauke hannu na ce "Kaka," ta buɗe baki, sautin nan ne kawai ya sake fitowa. Amma ba ta ƙara dukan kanta ba. Ta zauna tana kallon fitilun.

"Ikon Allah," in ji 'yar Kawu. Ta ɗan nisa ta ce, "To yanzu tunda ta samu abinta, sai ki rufa mini asiri."

Magariba ta yi. Na ce ta ba ni abin salla. Ta shiga ɗakin da take kwana, ta taka kujera, ta sauko da wata leda mai zif daga saman kabad. A ciki ga dardumarta a ninke, ga hijabinta a goge, suna ƙamshin turaren wuta. Ta shimfiɗa mini da kanta, ta daidaita gabas, ta ce, "Cire safar nan, kin shiga kicin da ita, kada ki ɓata mini."

Na tsaya ina kallonta. Duk abin da na gani a gidan nan, da bokitin, da warin, babu wanda ya tayar mini da zuciya kamar tsabtar ledar nan. Ashe ta san yadda ake ajiye abin ibada. Na cire safar. Kafin in tayar da kabbara sai da na roƙi Allah ya sanyaya mini ƙirji, don ban so in tsaya gabansa da abin da nake ji game da 'yar uwata.

Da na idar, na sa ta goge bidiyon nan a gabana, mai waƙa da marar waƙa. Lambar ɗan Kaka tana manne a ƙofar firji. Na fita baranda na kira shi da Turancina yadda ya sawwaƙa. Na ce mahaifiyarsa ba ruɗewa ta yi ba, leshin da take yafawa take nema, kuma yau ta yi albarkarta daga farko har ƙarshe.

"Na kakata?" in ji shi. "Yana nan?"

Ya ce tun yana yaro yake ganinsa a kanta duk Juma'a, har ya daina ganinsa, bai taɓa kawo shi a ransa ba. Ya tambaye ni ina yake duk wannan lokaci. 'Yar Kawu na tsaye a bakin ƙofa tana yi mini alama da ido. Na gaya masa gaskiya: an ɗauke shi marufin kwano ne bisa kuskure, daga baya ya koma tsumma. Na gaya masa yadda na sami gidan da farcen mahaifiyarsa. Na ce kada ya yarda da maganata, ya bar zuwan Lahadi, ya zo ranar Juma'a kafin rana ta faɗi.

Ya zo, ya kuma gani. Shi ya kira Maigida daga baya ya ce ya fasa gidan tsofaffin, mahaifiyarsa za ta zauna a ɗakinta. Ya kuma sallami 'yar Kawu.

Ba ta daɗe ba ta sami wani aikin, irin wannan aiki ba ya yankewa a nan. Amma labari ya riga ya isa Kano cewa na raba ta da abincinta a kan wata Bayahudiya. Kawu ya kira ni da kansa. Na gaishe shi, na saurara har ya gama, na ce Allah ya huci zuciyarsa. Bokitin ban faɗa masa ba, tsoho ne, kuma 'yarsa ce. Har yau muna haɗuwa da ita a biki da suna, muna gaisawa, ina tambayar yaranta. Ta daina ce mini baiwarta, ni ma ban ƙara ce mata tawa ba. In ta zaro waya mata suka taru a kanta, sai in ɗauki farantina in koma wani ɗaki.

Kaka ta ƙarasa kwanakinta a gidanta, a kan gadonta ajali ya same ta. Wadda ta kula da ita har ƙarshe wata Bahabashiya ce marar yawan magana, Kirista, mai yanke mata farce da shafa mata jan-baki. A Juma'arta ta farko ta kira ni, ta ce ɗan ne ya ba ta lambata. Ta ce ga leshin a hannunta, ga tsohuwa na jira, amma zagayayye ne, ta rasa wane gefe ne gaba.

Na ce ta sa ƙonannen wajen ta ƙeya, ta kuma bar mata makunnin fitilun ta kunna da kanta.